Sudan: Sulhun masu bindiga daban, zaman lafiyar da talaka ke nema daban

Ranar Asabar 15 ga Afrilun 2023 ta zo daidai da 24 ga watan Ramadan. Mutanen Kartum sun wayi gari da azumi a baki, hankalin magidanta na kan cefanen sallah da ɗinkin yara, sai ƙarar bindiga ta tashi a kudancin birnin. Kafin azahar faɗa ya kai filin jirgin sama da fadar shugaban ƙasa da hedikwatar soja, ya kuma ɓarke a Marawi can arewa. Masu faɗan ba baƙin juna ba ne. A gefe guda sojojin ƙasa ne ƙarƙashin Janar Abdulfattah al-Burhan, a ɗaya gefen dakarun ɗaukin gaggawa da ake kira RSF na mataimakinsa, Muhammad Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Har zuwa jajibirin ranar, mutanen biyu tare suke mulkin ƙasar. Shi ya sa da yawa suka ɗauka saɓani ne na kwana biyu, manya za su shiga tsakani kafin a ga watan Shawwal. Iyalai suka kulle gidaje suka fita da 'yar jaka ɗaya, da niyyar su yi sallah a ƙauye su dawo. Wasu sai bayan shekara biyu suka sake ganin ƙofar gidan, wasu kuma a hanya aka binne su.

Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna yaƙin ya raba mutum fiye da miliyan 12 da muhallinsu, kusan miliyan 4 daga ciki sun tsallaka iyaka zuwa Masar da Chadi da Sudan ta Kudu da Libiya da Habasha da Yuganda. A shekarar 2025 an ƙiyasta mutum miliyan 30 ke buƙatar agaji, a ƙasar da jama'arta duka-duka kimanin miliyan 50 ne. Ƙidayar mamata ce ta fi wuya, domin wanda ya rasu a unguwar da babu asibiti babu hukuma, maƙwabta ne ke haƙa masa kabari a tsakar gida ko a filin makaranta, su yi masa sutura da abin da ya samu, ba takarda ba rajista. Masu bincike na wata makarantar nazarin kiwon lafiya da ke Landan sun fitar da ƙiyasi a Nuwamban 2024 cewa a jihar Kartum kaɗai mutum sama da 61,000 suka mutu cikin wata 14 na farkon yaƙin. Daga cikinsu, kimanin 26,000 ne harsashi ko bam ko wani nau'in kisa ya yi ajalinsu. Sauran, ciwo ne da yunwa da rashin magani suka fi ɗaukarsu. A nan ya kamata mai son fahimtar wannan yaƙi ya tsaya, domin labaran da muke ji na wane ya kama gari kaza, wane ya ƙwace gada kaza, ba su ne ke bayyana yadda akasarin mutane ke mutuwa ba.

Tun zamanin Turawa, komai na Sudan a Kartum aka tara shi: manyan asibitoci, rumbun magungunan ƙasa, masana'antu, bankuna, jami'o'i, ma'aikatun da ke biyan albashi. Wannan tarin shi ne asalin ƙorafin mutanen Darfur da Kordofan da gabas da kudu shekara da shekaru, cewa tsakiya ta cinye rabon kowa. Yaƙe-yaƙen baya duk a can nesa aka yi su, mutumin Kartum yana jin labari a rediyo. Wannan karon a cibiyar aka fara, kuma da cibiyar ta tsaya, ƙasar duka ta tsaya. Mai ciwon ƙoda da ake yi wa wankin jini sau biyu a mako bai buƙaci kowa ya harbe shi ba, rufe cibiyar da yake zuwa ya wadatar. Haka mai ciwon sukari da allurarsa ta lalace saboda babu wutar da za ta sanyaya ta, da mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama cikin dare alhali titi cike yake da shingayen 'yan bindiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗin cewa kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na asibitocin yankunan da ake faɗa ba sa aiki. Da tashoshin ruwa suka lalace aka koma ɗiban ruwan kogi da na tsofaffin rijiyoyi, sai kwalara ta ɓulla a 2023, ta sake ɓarkewa a 2024, ta bi jihohi ɗaya bayan ɗaya, ga zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda a gefe. Yara kuwa, miliyoyinsu sun shafe fiye da shekara ba su shiga aji ba, saboda makarantun sun zama masaukin 'yan gudun hijira ko barikin mayaƙa.

Yunwar ma haka ta samo asali. Albashi ya tsaya, an fasa bankuna, darajar fam ɗin Sudan ta zube. Abin da ya riƙe iyalai da dama shi ne ɗan abin da 'yan uwa ke turowa daga Saudiyya ko Masar ta manhajar Bankak a waya. A Fabrairun 2024 layukan sadarwa suka ɗauke a mafi yawan ƙasar na tsawon makonni, wannan igiyar ma ta tsinke, har sai da aka koma biyan kuɗi ga masu na'urar Starlink mai kawo intanet ta tauraron ɗan'adam, waɗanda a yankunan RSF galibi mayaƙan ne ke riƙe da su ko suke karɓar haraji a kansu. Kafin nan, a Disamban 2023, RSF ta shiga Wad Madani, babban birnin jihar Jazira. Wannan bugu ne biyu a wuri ɗaya. Madani ce mafakar dubban ɗaruruwan da suka gudo daga Kartum, don haka suka sake ɗaure kaya a karo na biyu. Jazira kuma ita ce rumbun abincin ƙasar, inda katafaren aikin noman rani da aka kafa a 1925 yake, tsakanin kogin Nilu Fari da Nilu Shuɗi. An kwashe taraktoci da iri da taki da injinan ban-ruwa, manoma suka watse. A garin ne kuma aka wawushe rumbun Hukumar Abinci ta Duniya, wanda ta ce abin da ke cikinsa zai ciyar da mutum miliyan ɗaya da rabi na wata guda.

Ba fari ne ya jawo wannan yunwa ba, mutane ne suka ƙulla ta, kuma kowane ɓangare da nasa hannu. RSF tana kewaye gari ta hana shiga da fita, tana tare motocin agaji, tana kwashe kasuwa. Gwamnatin soja da ta koma Port Sudan ita kuma tana riƙe da hatimi: ita ke ba da biza da izinin wucewa, kuma a Fabrairun 2024 ta hana shigo da agaji ta mashigar Adre da ke iyakar Chadi, bisa hujjar cewa ta nan makamai ke shigowa RSF. Sai a watan Agusta ta sassauta, a watan da kwamitin masana na duniya ya tabbatar cewa yunwa ta kai matakin ƙarshe a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke kusa da Al-Fashir, babban birnin Darfur ta Arewa, inda mutum kusan rabin miliyan ke zaune. Ba kasafai ake ayyana wannan mataki ba. Kafin Sudan, a Somaliya aka yi a 2011, sai wani yanki na Sudan ta Kudu a 2017. Amsar da gwamnatin Burhan ta bayar ita ce musanta cewa akwai yunwar, sannan a Disamban 2024 ta janye daga tsarin da ke auna ta.

A Darfur abin ya wuce yunwa. A Al-Junaina, babban birnin Darfur ta Yamma, RSF da mayaƙan ƙabilun Larabawa da ke mara mata baya sun far wa ƙabilar Masalit daga Afrilu zuwa Yunin 2023. Gwamnan jihar, Khamis Abakar, ya fito a talabijin ranar 14 ga Yuni ya ce ana yi wa mutanensa kisan ƙare dangi. Sa'o'i kaɗan bayan haka aka kama shi aka kashe. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 aka kashe a garin a wannan shekarar. Waɗanda suka tsira sun taka da ƙafa zuwa Adre, tafiyar da ba ta kai kilomita 40 ba, amma a kowane shinge ana ware maza da samari gefe. Fyaɗe kuwa ya zama makami a fili. A Maris ɗin 2025 asusun UNICEF ya ce an kawo rahoton yara 221 da aka yi wa fyaɗe tun farkon 2024, har da 'yan shekara ɗaya. Duk wanda ya san yadda al'umma irin tamu ke rufe wannan magana saboda kunya da tsoron tsangwama, ya san wannan adadi na waɗanda suka iya kai kansu asibiti ne kawai.

Sai Al-Fashir. Tun Mayun 2024 RSF ta yi wa birnin ƙawanya, daga baya ta gina ganuwar ƙasa ta kewaye shi, wadda hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna ƙarara. A Afrilun 2025 ta afka wa Zamzam, ta kashe ɗaruruwa, ta tarwatsa sansanin. A cikin gari mutane suka koma cin tunkuzar gyaɗa da ake bai wa dabbobi, ita ma daga baya ta yi tsada ta gagari talaka. Wata 18 ana wannan hali, duniya na kallo, Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri tun Yunin 2024 cewa a janye ƙawanyar, babu wanda ya saurara. Ranar 26 ga Oktoban 2025 birnin ya faɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kashe mutum fiye da 460 a asibitin haihuwa na Saudiyya da ke garin, marasa lafiya da masu jinyarsu. Wasu daga cikin hotunan kisan, mayaƙan da kansu suka ɗauka da waya suka watsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ba su da fargabar wata rana za a tambaye su.

Wanda ya karanta zuwa nan zai iya cewa to ai magana ta ƙare, ga mugu ga mai gaskiya. Ta fuskar yawan ta'asa da tsarinta, lallai RSF ce a gaba, kuma a Janairun 2025 Amurka ta ce abin da ta yi a Darfur kisan ƙare dangi ne. Amma kwana tara bayan ta saka wa Hemedti takunkumi, ta saka wa Burhan ma. Jiragen soja sun yi ta jefa bama-bamai a kasuwanni da unguwanni, irin abin da ya faru a kasuwar Kabkabiya a Disamban 2024 da ta Tora a Maris ɗin 2025, inda aka kashe masu saye da sayarwa da yawa. Lokacin da soja ya ƙwato Wad Madani a Janairun 2025, mayaƙan da ke tare da shi sun kai farmaki kan ƙauyukan leburorin gona da ake kira kanabi, bisa zargin wai sun haɗa kai da RSF. Mazauna kanabi talakawa ne da kakanninsu suka zo aikin auduga daga yammacin ƙasar da ma ƙetarenta, shekara da shekaru suna noma gonakin wasu ba su mallaki ko taku ɗaya ba. A garuruwan da soja ke riƙe da su kuma an yi ta kama mutane saboda kamanninsu ko lafazinsu ko garin da aka rubuta a katin shaidarsu.

Wannan tambaya ta wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo, ita ce ta sa yaƙin Sudan ba labarin nesa ba ne ga Bahaushe. Hanyar da Masalit suka bi suna gudu daga Al-Junaina zuwa Adre, ita ce tsohuwar hanyar alhazanmu ta ƙasa, daga Kano da Borno zuwa Wadai, a bi ta Al-Fashir da Al-Ubayyid da Umdurman har gaɓar Bahar Maliya. Da yawa sun tsaya neman guzuri a hanya, zama ya kama su. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Nilu Shuɗi kusa da Sennar. Guminsu na cikin abin da ya raya gonakin Jazira. Duk da haka, a Yulin 2022, wata tara kafin babban yaƙin, rikici ya ɓarke a jihar Nilu Shuɗi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin kan mallakar ƙasa da neman sarautar gargajiya, aka kashe mutum fiye da 100, a watan Oktoba kuma aka sake kashe kusan 200 a yankin Wad al-Mahi. Hujjar da aka riƙa kafawa ita ce su baƙi ne, bayan zaman fiye da shekara 100. Da babban yaƙin ya zo, bai tsallake su ba: a ƙarshen Yunin 2024 RSF ta kama Sinja, babban birnin jihar Sennar, mutanen yankin suka bazu. Ɗalibanmu da ke karatu a Kartum, waɗanda suka kwana a sahara a iyakar Masar kafin a kwaso su a Mayun 2023, suna da ƙasar da za su koma. Bahaushen Sennar ko Kassala ko Gadarif, Sudan ce ƙasarsa.

To daga ina wannan bala'i ya taso? RSF ba daga sama ta faɗo ba, gwamnati ce ta haife ta. Da tawaye ya tashi a Darfur a 2003, shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, ya ga ya fi masa araha ya raba wa wasu ƙabilu makamai su yi masa aikin, ladansu kuma ganima da filaye. Su ne Janjawid. A 2013 ya tsara wani ɓangarensu ya ba su suna da kaki, ya ɗora Hemedti a kai, ya ajiye su kusa da shi don su kare shi daga juyin mulkin sojojinsa. Hemedti ya aika mayaƙa Yaman suna yi wa Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa yaƙi ana biyansa, a 2017 ya ƙwace ma'adinan zinaren Jabal Amir, ya zama hamshaƙin attajiri mai rundunar kansa. An ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. A Afrilun 2019, da zanga-zangar jama'a ta yi ƙarfi, Hemedti na cikin waɗanda suka tuɓe Bashir. Ranar 3 ga Yunin wannan shekarar, aka buɗe wuta kan masu zaman dirshan a ƙofar hedikwatar soja, aka kashe fiye da 100, aka jefa wasu gawarwaki a kogi, kuma shaidu sun nuna dakarun RSF ne a kan gaba. Ba a hukunta wani babba ba. Ranar 25 ga Oktoban 2021 Burhan da Hemedti suka haɗa kai suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok. Abin da ya raba su a ƙarshe shi ne batun narkar da RSF cikin soja: soja na cewa cikin shekara 2, Hemedti na cewa sai 10, ga kuma tambayar wa zai bi umarnin wa.

Idan aka bi tarihin sulhu a Sudan, za a ga darasi ɗaya ake ta koya wa matasa. Yarjejeniyar 2005 da ta kawo ƙarshen yaƙin kudu, rabon kujeru da kuɗin mai ce tsakanin jam'iyyar Bashir da ƙungiyar madugun 'yan tawayen kudu John Garang, sauran 'yan ƙasa 'yan kallo ne. A Abuja aka sa hannu kan yarjejeniyar Darfur a Mayun 2006, madugun tawaye ɗaya tak ya amince, Minni Minnawi, aka ba shi muƙamin babban mataimaki a fadar shugaban ƙasa, yaƙi ya ci gaba. An sake yin wata a Doha a 2011. A Juba a Oktoban 2020 aka yi wata, wani madugun tawayen, Jibril Ibrahim, ya zama ministan kuɗi, Minnawi ya zama gwamnan yankin Darfur, kuma shekara guda bayan haka suna cikin waɗanda suka goyi bayan juyin mulki. A kowane zagaye, wanda ya tara bindigogi shi ake kira tebur, gwargwadon ɓarnar da zai iya yi gwargwadon kujerar da zai samu. Matar da aka ƙona wa ƙauye a 2004 tana nan a sansani, jikokinta a nan aka haife su. Sai a Oktoban 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta sami mutum na farko da laifi kan ta'asar Darfur, wato Ali Kushayb, fiye da shekara 20 bayan aikata ta. Shi kuwa Bashir, duk da sammacin 2009, bai taɓa tsayawa gabanta ba. Matashin da ya taso yana ganin haka, wace sana'a zai ɗauka tana ci?

Ga kuma hannun waje, wanda ba don shi ba da harsashi ya ƙare tuntuni. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce zargin da ake yi wa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na kai wa RSF makamai ta gabashin Chadi abin gaskatawa ne, ita kuma tana musantawa. Sudan ta kai ta ƙara Kotun Duniya, kotun ta kori ƙarar a Mayun 2025 saboda ba ta da hurumi, ba don ta duba gaskiyar zargin ba. Masar na bayan soja, an kuma ga jirage marasa matuƙa ƙirar Iran da Turkiyya a hannunsa. Zinare na fita daga yankunan ɓangarorin biyu, kuma abin mamaki, akasarinsa kasuwa ɗaya yake nufa, Dubai. Ƙasashen da ake zargi da hura wutar su ne kuma ke zaune a kujerar masu shiga tsakani. An yi zaman Jidda a Mayun 2023, aka sa hannu kan alƙawarin kare fararen hula, aka yi ta ayyana tsagaita wuta ana karyawa tun kafin tawada ta bushe. A zaman Suwizalan na Agustan 2024 soja ko zuwa bai yi ba.

Waɗanda suka riƙe mutane da rai a wannan tsakani ba sa cikin kowane zama. Matasan unguwanni ne, da yawansu daga kwamitocin da suka shirya zanga-zangar 2019, suka kafa ɗakunan agajin gaggawa. Suna dafa abinci a manyan tukwane a masallatai da makarantu, abin da Sudanawa ke kira takaya, suna raba wake ko adas da ɗan burodi sau ɗaya a rana. Su ke nemo likitan da ya ɓuya, su gyara famfon burtsatse, su fitar da tsofaffi daga unguwar da ake luguden wuta, su binne gawar da aka bari a titi. Kuɗinsu daga 'yan uwa mazauna waje yake zuwa da ɗan tallafin ƙungiyoyi. Kowane ɓangare na zarginsu da yi wa ɗayan leƙen asiri, an kama da yawa, an kashe wasu. Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, ɗaruruwan irin waɗannan wuraren girki suka rufe cikin makonni. A ganina, idan ana neman inda ƙasar Sudan ta rage a matsayin al'umma mai tausayin junanta, a bakin waɗannan tukwane take, ba a fadar gwamnatin soja ko ta RSF ba.

Sai dai kada a ɗauka duk mai ƙishin zaman lafiya ya yarda da hanya ɗaya. Nan ne maganar ta fi ɗaci. Akwai 'yan siyasar farar hula irin su Hamdok da ke cewa a tsayar da yaƙi yanzu, a zauna da kowa. Akwai kuma talakawa da yawa, ba 'yan tsohuwar gwamnati ba, ba masu son mulkin soja ba, waɗanda ke cewa ba za a yi sulhu da wanda ya kwana a ɗakinsu, ya kwashe kayan aurensu, ya ci mutuncin 'ya'yansu ba. Lokacin da soja ya ƙwato Madani, da kuma fadar shugaban ƙasa a Maris ɗin 2025, mutane sun fito titi suna guɗa, har da waɗanda shekaru kaɗan baya suke zanga-zangar sojoji su koma bariki. Wanda bai ɗanɗana abin da suka ɗanɗana ba, bai kamata ya yi saurin yi musu wa'azi ba. Amma a ɗaya gefen, a Darfur da Kordofan akwai iyalan da abin da suka sani na gwamnati shi ne jirgin da ke jefo musu bam, kuma suna tsoron ramuwar gayya ta ƙabilanci idan soja ya iso. Kowanne na son yaƙi ya ƙare, kowanne kuma na tsoron irin ƙarshen da ɗayan ke fata.

Ni dai abin da nake gani shi ne, tsagaita wuta dole ce, kuma masu bindiga ne kaɗai za su iya sa mata hannu, ko an so ko an ƙi. Yaron da ke fama da tamowa ba zai jira a kammala shari'a ba. Inda ake tafka kuskure shi ne a mayar da takardar tsagaita wuta ta zama takardar rabon ƙasa, a ce tun da su suka tsayar da harbi su ne za su yi mulki, a yafe musu abin da ba su da ikon yafe wa kansu. An gwada hakan a 2005 da 2006 da 2019 da 2020. Abin da mutanen sansanonin Adre da Tawila, inda waɗanda suka tsere daga Al-Fashir suka taru, ke tambaya kuwa ba rabon ministoci ba ne. Suna tambaya ko wanda ya mamaye gonarsu zai tashi, ko hanyar kasuwa za ta buɗe ba shinge, ko za a faɗa musu inda aka kai mazansu, ko wanda ya yi kisan zai dawo musu a matsayin hakimi ko kwamandan 'yan sanda.

Tun bayan da soja ya karɓe Kartum, mutum fiye da miliyan ɗaya sun koma birnin, wasu ta jirgin ƙasa daga Alƙahira zuwa Aswan sannan su hau mota. Suna tarar da gidaje babu ƙofa babu taga, an zare har wayoyin wuta daga bango, ga harsasai da bama-baman da ba su fashe ba a cikin kango, ma'aikata na tone kaburburan tituna suna mayar da gawarwaki maƙabarta. Duk da haka suna komawa, domin zaman haya da wulaƙancin takardun zama a ƙasar wani ya ishe su. A lokaci guda ƙasar ta rabu gida biyu a aikace: gwamnatin Burhan da firaministanta Kamil Idris a gabas da tsakiya, RSF da gwamnatin da ta ayyana a Yulin 2025 a Niyala tana riƙe da kusan duk Darfur. A Satumban 2025 Amurka da Saudiyya da Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa suka gabatar da shawarar tsagaita wuta ta wata uku don shigar da agaji. RSF ta ce ta amince, amma sai bayan ta gama da Al-Fashir. Burhan ya yi watsi da daftarin da aka kawo masa, yana cewa ba zai karɓi shiga tsakanin ƙasar da ke ɗaure wa abokin gabarsa gindi ba. Zuwa ƙarshen 2025 faɗan ya koma Kordofan, an tabbatar da yunwa a Kadugli da aka yi wa ƙawanya, Babanusa ta faɗa hannun RSF, jirage marasa matuƙa kuma na kai hari Al-Ubayyid, garin da ya cika da mutanen da suka gudo daga wasu garuruwan.